Yaron da ya rasa gani zai iya karatun boko?

Malam, ka ce ƙyanda ta tafi da idanun ɗanka mai shekara 7 a ƙauyenku na wajen Gaya, dangi kuma suna cewa a haɗa shi da ɗan jagora ya shiga bara. Allah Ya ba ku juriya. Amma don Allah kada ka miƙa masa ƙoƙo.

Ka kai shi makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, cikin Kano. Can zai koyi Braille, rubutun makafi da Louis Braille ɗan Faransa ya ƙirƙiro: ɗigo 6 ne kacal ake jujjuyawa su ba da kowane harafi. Na taɓa ganin wata yarinya tana huda takarda da ɗan tsinke daga dama zuwa hagu, ta juya ta, ta bi da yatsa tana karantawa, ko tuntuɓe babu.

Dokar nakasassu da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ba shi karatu kyauta har sakandare, kodayake aiwatarwa sai a hankali. JAMB ma tana shirya wa makafi jarrabawarsu daban.

Kafin nan, ku bar shi ya riƙa zuwa makarantar allo da sa'o'insa, ya koyi hanyar masallaci da sandarsa.