Ka fara da gaisuwa kafin kallon Birni

Assalamu alaikum ɗana. Na saurari vokal ɗinka jiya bayan isha'i, na ce gara in rubuta maka amsa don maganar da tsawo, rubutu kuma kana iya sake duba shi cikin kar, wato babbar motar da za ku shiga, tunda hanya da nisa. Barka da cin bak, jarrabawar gama sakandare, barka da samun wuri a jami'ar Damagaram, Allah shi sa albarka.

Ka ce Laraba da dare za ku sauka, Alhamis ba ku da aikin komi, kai da abokanka kuna son ku zaga gari ku ga Birni, wato tsohuwar unguwar cikin ganuwa, da fadar Sarki ku ɗauki hotuna. Kana tambaya wai ko dole ne sai ka fara zuwa wurin Alhajin nan na Zango da innarka ta haɗa ka da shi ko a bar shi sai ka natsu, kuma ko ana shiga fada haka nan, in an shiga mi ake yi.

To wurin Alhaji za ka fara zuwa, wannan babu shawara a ciki. Kai ba ɗan yawon buɗe ido ba ne da zai kwana biyu ya kama gabansa, shekaru za ka yi a garin nan, za ka yi zazzaɓi a can, kuɗi za su yanke maka a can, wata rana za ka buƙaci dattijon da zai tsaya ya ce yaron nan nawa ne. In labari ya kai masa cewa an gan ka ƙofar fada kana hoto alhali ba ka taka zaurensa ba, ba zai ce maka komi ba wallahi, zai karɓe ka da fara'a ma, amma ya riga ya auna ka ya auna gidan da ka fito. Saboda haka da hantsi ka yi wanka ka sa rigarka ta kirki da hula, ka ɗauki tsarabar da innarka ta ɗaure maka, in babu cuku a ciki ka faɗa mini in saya a kasuwar Tawa kafin ka tashi, albasa kuma in kar ta tsaya Galmi ka saya. Ba tsadar abin ake dubawa ba, a dai ga ka taho da abin garinku a hannu.

In ka isa ka tsaya bakin zaure ka yi sallama, ka jira. Ko ƙofa a buɗe take kada ka zarce cikin gida, namiji baligi iyakarsa zaure sai in mai gida da kansa ya ce shigo ka gaida iyayenka. Ka cire takalmi, ka durƙusa, kada ka riga shi miƙa hannu, in ya miƙo ka kama da hannu biyu. Ka bar gaisuwa ta yi tsawonta, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Tawa, kada ka katse ta don abokanka na jiranka a waje. Za a kawo maka ruwa, ka sha ko ba ka jin ƙishirwa, kuma kada ka watsar da ragowar a ƙasa irin yadda kuke yi nan gida. Damagaram gari ne da ke zaune kan dutse, sun daɗe suna wahalar ruwa, akwai unguwannin da pampo ke yin kwanaki bai kawo ba, wanda ya ba ka moɗa cike a garin nan ya girmama ka. In an kawo abinci ma ka ci.

Sai bayan nan ka ce masa Baba ina son in ga gari. Za ka ga da kansa zai haɗa ku da wani ɗansa ko yaron gidansa ya raka ku, kuma abin da nike so ke nan, don baƙo ko da idonsa makaho ne. Birni lunguna ne ƙanana masu murɗiya, ga manyan duwatsu tsakanin gidaje, in ku kaɗai ne za ku wuce abin kallon ba ku sani ba.

Kafin ka shiga Birni ya kamata ka san inda kake taka ƙafa. Sarkin da sunansa ya fi fita shi ne Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya yi sama da shekara 30 kan gado. A zamaninsa aka kewaye Birni da ganuwa, har igwa ake ƙerawa a cikin garin, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus su ratsa Agadas su sauka, Zangon da Alhaji yake ma asalinsa masaukin fataken nan ne da Abzinawa a wajen ganuwa. Yanzu ganuwar saura guntaye nan da can, in ɗan rakiyarku ya nuna maka wani tsohon tudun ƙasa ya ce ga ta, kada ka raina. A 1898 aka kashe wani kaftin na Faransa mai suna Kazamaju a garin, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, shekara ta zagayo a 1899 sojan Faransa suka zo aka gwabza a Tirmini, gari ya faɗa hannunsu, shi ma Sarkin daga baya suka kashe shi. Tirmini na bisa hanyarku, in kun wuce Takeita ka buɗe ido. Kuma Damagaram ce babban birnin ƙasar nan a zamanin Nasara har 1926 da aka maida shi Yamai. Mutanen can ba su manta da ko ɗaya cikin waɗannan ba, shi ya sa za ka ji suna da ji da garinsu, kuma suna da gaskiya. Ka saurara in suna ba da labari, kada ka ce ai a lakkwal ba haka malaminmu ya koya mana ba, kada kuma ka kama cewa mu a Tawa kaza mu a Adar kaza. Ranar farko kunne ake kaiwa.

Batun fada kuwa, e ana zuwa, baƙi na zuwa kullum, amma gida ne na mutum mai rai da iyalinsa, kuma wurin shari'a da sulhu ne, za ka tarar da mutane zaune da matsalolinsu suna jiran a saurare su. A ƙofa akwai dogarai da rigunansu ja da kore, su za ku fara gaidawa, ɗan rakiyarku ya faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku. Inda suka ce ku tsaya ku tsaya, inda suka ce a cire takalmi a cire, inda ba su kai ku ba kada ka leƙa. In Allah ya sa Sarki na zaune aka shigar da ku gaisuwa, daga nesa ake zubewa, ka dunƙule hannun dama ka ɗaga ka yi jinjina, ka ce ranka shi daɗe, Allah ja zamanin Sarki. Ba a miƙa masa hannu, ba a tsaya masa a kai, ba a ƙura masa ido. Kada ka damu in bai amsa da bakinsa ba, fadawa ne ke amsawa su ce an gaishe ku, amsar Sarki ke nan. Ku gama ku ja da baya a hankali. In akwai ƴan mata cikin tafiyarku su yafa mayafi, ku samari kuma ban da gajeren wando da rigar ƙwallo.

Sai batun kuɗi da ka tambaya. Wanda ya bar wurin zamansa ya zaga da ku ana ba shi tukwici, ku haɗa abin da ya sawwaƙa tsakaninku, mutum ɗaya ya naɗe ya miƙa da hannun dama lokacin sallama, ba a ƙirga shi a gaban jama'a. Sun san ku ɗalibai ne.

Salula ita ce ta fi damuna. Gidajen Birni da na Zango akwai masu zane a fuskar bango, an tayar da shi da ƙasa an shafa launi, ga zankwaye a bisa, dole hannunka zai yi ƙaiƙayin ɗauka. Amma duk bangon da ka gani da mai shi, sau da yawa ma yana nan zaune kan tabarma a inuwarsa. Ka gaishe shi, ka yaba aikin, ka ce Baba ko in ɗauka. Da wuya ya hana, wani ma sai ya tashi ya gaya maka kakansa ne ya sa aka yi, ka samu labarin da babu shi a intanet. Mace kuwa kada ka ɗauke ta, almajirai da ke karatu kada ka ɗauke su ka zuba a Facebook, cikin fada kuma sai dogari ya ce to. In azahar ta same ku a Birni ku shiga sahu ku yi salla tare da mutane, masallaci na nan kusa da fada.

Da la'asar sai ku gangara kasuwar Dole, kun ma yi sa'a Alhamis ce ranar da take cika. Ka nemi wajen dukawa ka ga aikin fata, ka taya da fara'a, abin da ba ka da niyyar saye kada ka wahalar da mai shi. Jami'a kuwa ku bar ta sai Juma'a da safe, ba inda za ta. Sunan da ke kanta dai ka san mai shi, André Salifou, ɗan garin ne, masanin tarihi, shi ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ya rasu a 2022, kuma tarihin Damagaram ɗin nan na cikin abin da ya yi bincike a kai.

Kafin magariba ka koma ka shaida wa Alhaji kun dawo lafiya, ka ba yaron da ya raka ku ɗan wani abu ko na kabu-kabu ne. In kun zauna ka buga mini ka ba shi salular mu gaisa, ina son in damƙa masa amanarka da bakina. Innarka ka kira ta tun kuna tasha, na san ba za ta runtsa ba sai ta ji kun sauka.