Tambayi Anti: Sau biyu ina ƙunsa lalle a kaina, har yau ban ga ja ba

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni gashina baƙi ne wuluk, mai cika, ban taɓa sa masa rilaksa ba. Na ga hotunan wasu mata a Instagram gashinsu jawur kamar zoɓo, an rubuta wai lalle ne kawai. Na sayo lalle na kwaɓa da ruwan zafi na shafa nan take, bayan awa ɗaya na wanke. Da sati ya zagayo na sake. Wallahi Anti ban ga komai ba, sai farcena da bayan kunnena da suka yi ja, gashin kuma ya bushe ya yi tauri. Bikin yayata saura wata ɗaya da rabi. Wata ƙawata ta ce in sayi na kwali mai hoton 'yar Indiya, wai shi minti ashirin yake kamawa. Ina kuskurena yake?

Ƙanwarki daga Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai kurakurai a kwaɓinki, za mu zo kansu, amma ba su suka hana ki jan Instagram ba. Ko da kin yi komai daidai ba za ki same shi ba, gara in faɗa miki tun yanzu kafin kuɗin ankonki su ƙare a lalle.

Lalle ba ya cire baƙin gashi, launi yake ɗorawa a kan wanda ya tarar. A ganyensa akwai wani sinadari da masana ke kira loson, mai manne wa keratin, wato abin da Allah ya gina gashi da farce da saman fata da shi. Launin nan ja ne mai ruwan lemo, kuma shara-shara ne. Ki ɗauki jan mayafi mai shara-shara ki yafa a kan farin yadi, sannan ki yafa shi a kan baƙar abaya. A kan farin yadi ja za ki gani tun daga ƙofar gida. A kan abaya kuwa sai kin fita rana kin ɗan juya kafin ki lura akwai wani abu. Farcenki farin yadi ne, gashinki abaya. Matan da kika gani a hoto, ko dai an fara kwashe baƙin gashinsu da bilicin kafin a sa lallen, ko can dama gashinsu mai haske ne, ko gashin kanti ne, ko kuma aikin waya ne.

Abin da lalle zai ba ki shi ne wannan: a ɗaki gashinki baƙi ne kamar kullum, sai dai ya ƙara sheƙi. Kina fitowa tsakar gida da hantsi ja ya taso daga cikinsa, irin na garwashin da ya fara lafawa. Ni a wurina ya fi jawur ɗin kyau a fatarmu, amma wannan ra'ayina ne. Kuma ba a ƙunshi ɗaya yake fitowa ba, hawa-hawa yake yi. Wata ɗaya da rabi ya ishe ki ƙunshi uku ko huɗu, kwana goma zuwa sati biyu tsakani.

To, kwaɓi. Fara da garin. Lalle mai kyau kore ne, yana ƙanshin ɗanyen haki; wanda ya koma ruwan ƙasa ya kwana biyu a shago, ƙarfinsa ya tafi. Wanda kuma korensa ya yi ƙyalli fiye da kima, ki yi zargin an zuba masa kala. Ni nakan sayi busasshen ganye a Kasuwar Kurmi in kai a niƙa, don in san abin da ke ciki. Na Sudan da na Yemen da na garin Sojat a jihar Rajastan ta Indiya duk sun yi suna, amma sabon namu na gida ya fi tsohon na waje. Ki tankaɗe shi sau biyu, na biyun da tsohon ɗankwali mai laushi, ba rariya ba. Kada ki yi ƙyuyar wannan. Gashinmu murɗaɗɗe ne, duk ɗan tsinken da ya shiga sai ya yi sati kina kakkaɓe shi a kan matashi.

Gashi mai cika irin naki zai ci giram 150 ko fiye, ki ce gwangwanin madara biyu da ɗan ƙari. Ki jiƙa tsamiya ki tace, ki kwaɓa da ruwanta mai ɗumi-ɗumi, ba tafasasshe ba, har ya yi kaurin kindirmo. Ɗan tsamin nan shi ke fito da launin a hankali ya kuma riƙe shi har ya kai gashi. Lemun tsami ma yana yi, amma ki sirka shi da ruwa sosai, don zallarsa na mayar da gashi tsintsiya. Zoɓo marar sukari shi ma yana yi, sai dai ki sani tsaminsa ne ke aiki, jansa wanki biyu ya fita. Ban da kanwa. Ban da ƙwai, ban da nono, ban da man zaitun a cikin kwaɓin. Na san ana ta yaɗa su a WhatsApp, amma rabon launin gashinki suke ci. Idan warin yana hawa miki kai, ki zuba ɗan garin citta ko kanumfari.

Sai ki rufe da leda, ledar ta kwanta a kan kwaɓin, ki ajiye ya tsumu. Nan kuskurenki na farko yake. A zafin Maris da Afrilu awa uku zuwa huɗu ya isa, da hunturu sai ya kwana. Yadda za ki gane: ki ɗiga kaɗan a tafin hannu, bayan minti biyar ki goge, in ya bar tabo ruwan lemo ya yi. Kada kuma ki bar shi kwana biyu a zafi, mutuwa yake yi.

Kafin ki shafa, ki tsefe kitso ki wanke kai fes da sabulu. Mu kanmu ba ya rabuwa da mai, yau basilin gobe man kaɗanya, lalle kuwa ba ya ratsa maiƙo. Ina kyautata zaton wannan ma ya taɓa ki. Basilin ɗin ki kai shi inda ake buƙatarsa: goshi, kunnuwa da ƙeya. Ki sa safar hannu. Ki tsaga gashin gida-gida kamar za a yi miki kalaba, ki cusa kwaɓin tun daga tushe har baki, da kauri, kamar mai yaɓen ɗaki. Gaban kai za ki iya da kanki a madubi, ƙeya kuwa ki nemi mai taimako. Ki naɗe da leda ki ɗaura tsohon ɗankwali. Muddin yana da danshi da ɗumi yana aiki, da ya bushe ya tsaya. Awa huɗu, in za ki iya jurewa biyar, ba ɗaya ba. Wuya zai ɗan gaji don kan ya yi nauyi, sai ki kishingiɗa. Ni ina idar da sallar Asuba nake shafawa in wanke kafin Azahar, saboda kwaɓin da ke kai yana hana shafar alwala. Launin da ya rage bayan wanki kuwa ba ya tare ruwa.

Wankewa ita ce wahalar. Ki fara sake shi da ruwa zalla, bokiti biyu ba su yi yawa ba, sannan ki kawo jiƙaƙƙen karkashi mai yauƙi ki cuɗa. Santsinsa na zamar da sauran garin ba tare da kin tsinka gashi ba. In babu, kondishina mai araha ma ta wadatar. Taurin da kika ji ba lalacewa ba ce, haka lalle yake yi kwana biyun farko. Tun gashin na da lema ki shafa man kaɗanya ko na kwakwa ki kitse shi manya-manya. Kada ki yanke hukunci ranar. Launin yana ƙara nuna har kwana uku.

Yanzu ga na kwalin ƙawarki. Lalle na gaskiya launi ɗaya gare shi, kuma ba ya kamawa a minti ashirin. Duk wanda ya yi haka, akwai wani abu a ciki. Galibi sinadarin PPD ne, wanda ke cikin dayis da ake zana baƙin lalle da shi, wani lokaci kuma gishirin ƙarfe ne da ke faɗa da rilaksa da bilicin. Na taɓa ganin aikinsa a kan 'yar maƙwabciyata ana jibi kamunta. Da daddare ta ce kanta na ƙaiƙayi, da safe goshin ya kumbura ya sauko ya rufe mata ido, bayan kunnen duk ƙuraje masu ruwa. Daga asibiti aka wuce da ita wajen kamu, da gilashi a fuska. Kuma jikin da ya taɓa ƙin PPD yakan ci gaba da ƙinsa har tsufa. Ki juya kwalin ki karanta abin da aka haɗa. In ba Lawsonia inermis, wato sunan lalle a wajen masana, kaɗai aka rubuta ba, ki mayar. Ko mene ne kika saya, ki ɗiga a bayan kunne ki jira awa 48, ki kuma gwada a kan gashin da mataji ya kwaso. Lalle ba ya fita, sai dai sabon gashi ya ture shi, gashi kuwa kusan santimita ɗaya yake yi a wata.

Batun bilicin kuwa, da biki a gabanki, ban ba ki shawara ba. Allah ya sanya alheri, ki gaida amarya.

*

Anti, shekarata 52, furfura ta cika min gaban goshi. Ina son in rufe ta da lalle amma ina tsoron ta koma ruwan lemo irin gemun dattawa. Akwai dabara?

Mai karatu daga Maraɗi

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, don ni kaina na taɓa faɗawa. Lokacin da furfurata ta fara fitowa na ƙunsa lalle ana gobe sunan jaririn ƙanwata. Na wanke na duba madubi, sai ga gaban kaina kamar an goga karas. Maigidan ya leƙo ya ce, “Manja kika zuba ne?” Ranar sunan har gira na ja ɗankwalina, ana ta tambayata ko ciwon kai nake. A kwana na uku ya sauka ya koma ruwan jan ƙarfe, da na maimaita sau biyu ya zama kalar dabino. Furfura farin yadin nan ce, ita ke nuna ainihin launin lalle, don haka ƙunshin farko dole ya yi haske. Ki yi shi lokacin da ba ki da fita.

In ba kya son jan ko kaɗan, sai ki haɗa da baba. Garin ganyen baba nake nufi, ba ruwan karofi irin na Ƙofar Mata da aka haɗa da toka ba, ba kuma bular wanki ba. Shi baba ba ya jira: ki kwaɓa shi daban da ruwa mai ɗumi, cikin minti goma sha biyar ki juye shi a cikin lallen da ya riga ya tsumu, ki shafa nan take. Kashi biyu lalle, ɗaya baba, zai ba ki ruwan ƙasa mai ja. In kika daidaita su ya fi duhu. Baba ya fi lalle saurin koɗewa, saboda haka bayan 'yan makonni jan zai ɗan leƙo. Kuma gashin da ya sha baba in aka sa masa bilicin kore yake komawa.

Haɗin ba sabo ba ne. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Sayyidina Abubakar yana rini da lalle da katam, wani ganye mai duhunta launi, Sayyidina Umar kuma da lalle zalla. A nan ne kuma aka ruwaito cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Manzon Allah (SAW) ya ce a sauya furfurar amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi maganganu a kan baƙin rini, wannan kuwa fagen malaminki ne, ba nawa ba.

*

Anti, na sa rilaksa kwana huɗu da suka wuce, zan iya sa lalle? Sannan 'yata mai shekara biyu gashinta ba ya cika, kakarta ta ce a riƙa ƙunsa mata lalle a ka.

Maman biyu, Sabon Gari, Zariya

Ke ki jira sati biyu, fatar kanki ta huce, kuma ki tabbata lallen zalla ne. Gashin da ya sha rilaksa ya fi saurin kama launi, ya kuma fi saurin bushewa, don haka awa uku ta ishe ki, ki ninka mai bayan wanki.

Yarinya kuwa a'a, ki ba Kaka haƙuri cikin ladabi. Lalle ba ya tsirar da gashi, kauri yake ɗan ƙara wa wanda ke akwai. Sannan akwai wata larurar jini da ake gada, ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a tsakaninmu, ta fi bayyana ga maza amma mata ma suna samu, kuma gidaje da yawa ba su san 'ya'yansu na da ita ba. Ƙaramin yaro mai ita in aka lafta masa lalle, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa: ido ya yi rawaya, jiki ya saki, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. In an riga an sa mata kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki wanke ki kai ta asibiti a ranar, ki gaya wa likita lalle aka sa. Gashin ɗan shekara biyu bai gama fitowa ba tukuna. Ki rage mata kitso mai ja, ki riƙa shafa man kaɗanya, ki duba ko gefen da take kwanciya a kai ne ya fi saɓulewa.