Yaya za a yi maganin fumfuna da fumfuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin masara ne a yankin Saminaka. Bara malamin gona ya kawo mana wata dawa mai launin shuɗi, ya ce fumfuna ce a jikinta, mu watsa a gona don ta kare masara daga guba. To ni fumfunar nake gudu. Ashe ba duk ɗaya ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kama da wane ba ta wane. Koriyar fumfunar nan da ke kama masara da gyaɗa, masana na kiran ta Aspergillus flavus, kuma ita ke yin gubar afulatoksin mai lalata hanta. Ba abin wasa ba ce: a shekarar 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya, masara kawai suka ci. Amma ba kowace 'yar gidan ce ke iya yin gubar ba, a gado bambancin yake.

Gubar ba haka kawai take fitowa ba, haɗa ta ake yi mataki-mataki kamar miya. Akwai ƙwayoyin gado wajen 30 jere da juna a wuri guda cikin jikin fumfunar, kowace da nata aikin: wannan ta haɗa sinadarin farko, waccan ta sauya shi, har a kai ga guba. Uwargidansu ita ce wadda ake kira aflR. In ba ta ba da umarni ba, babu mai ɗora tukunya. To akwai wasu irin wannan fumfuna da suka taso da giɓi a jerin, wata ta rasa kaɗan, wata ma babu jerin gaba ɗaya. A ido ba ka bambance su, amma ko sun shekara a kan masara ba za su yi afulatoksin ba.

Irin waɗannan ne cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta zaƙulo guda huɗu daga ƙasar Najeriya, ta shafa wa dawar da aka kashe ƙwayarta, aka rina ta shuɗi don kada a ci. Shi ne Aflasafe. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure. Marar gubar ta riga mai gubar kama wuri, shi ke nan, ta zo ta tarar an cinye fili.

Abin da ya sa dabarar ke ci shi ne, wannan fumfuna ba da gubar take shiga masara ba. Ƙofa take jira: fari ya galabaitar da shuka, ko tsutsa ta huda goyo. A alkama kuwa labarin ya sha bamban. Wata fumfuna da ake kira Fusarium graminearum, mai ƙone zangarniyar alkama a Amurka da Sin, gubarta ce makaminta. Da masu bincike suka lalata mata ƙwayar gado ɗaya tak, mai suna TRI5, sai ta kama furen da ta faɗa wa ta tsaya nan, ta kasa ratsa sauran zangarniyar. Ni dai wannan gwaji yana burge ni har yau.

Sai dai kar ka saki jiki. Dawar shuɗin ba ta taɓa wata gubar masara mai suna fumonisin, wadda wata Fusarium ɗin ke yi da nata jerin gadon daban. Kuma in ka zuba masara a rumbu ko buhu ba ta bushe ƙayau ba, 'yar mai gubar da ta rage za ta farfaɗo. Shanya a kan leda ko tabarma, ba a ƙasa ba. Wadda ta riga ta yi kore kuma, tafasa ba ta kashe gubarta, kada a yi tuwo da ita, kada a ba kaji ko shanun tatsa, don tana fita a nono.