Auta, kar ki yi saurin zaunar da Abba a pusat

Auta na ji vokal ɗinki tun shekaranjiya, aiki ne ya sha mini kai, kuma na ga gara in zauna in rubuta da in yi ta aiko miki murya guntu-guntu, tunda ba ke kaɗai ke wannan tambaya ba, matar Yaya ma ta taɓa yi mini ita lokacin da ta ga hoton ƴata Ummi kwance shame-shame a pusat, wato keken tura jariri, tana wata biyar, har ta kira Inna tana cewa ko yarinyar ba ta da lafiya ne muke ɓoyewa. Lafiyarta ƙalau, ga ta nan yanzu ta hana kowa sakat a gidan.

Kin ce baban Abba ya sayo muku pusat ta gwanjo a kasuwar Dole, Abba yana wata uku da sati ɗaya, kina so ki fara zaunar da shi ciki, sannan kika ƙara da tsiya wai mu da muka zauna Faransa mun yar da zanen goyo mun koma tura yara kamar ƴan ga-ruwa da kurarsu. Na yi dariya har sai da baban su Ummi ya leƙo. To amsar farko dai a'a, kar ki zaunar da shi tukuna, ki bari in gaya miki dalili.

Shekarata 14 a Liyon, kuma wallahi ban san gidan Bahaushiya ɗaya a nan ba da babu zanen goyo da majanyi a ciki. Cikin gida duk goyo muke, ina girki da goyo ina shara da goyo. Waje ne abin ya bambanta. Nan ba ki da ƙanwar miji ko ƴar maƙwabta da za ki miƙa wa yaro ki ruga kasuwa ki dawo, duk inda za ki da shi za ki, ki hau metro ki sauka ki hau bis, ga kayan cefane, ga na gaba da shi da za ki ɗauko daga lakwal. Hutun haihuwa ga mai aiki sati 10 ne bayan haihuwa in ɗan fari ne ko na biyu, yaro bai cika wata uku ba kin fara kai shi gidan raino da sassafe, lokacin sanyi kuma ki sa rigar sanyi mai santsi ki ce za ki yi goyo a kanta, zanen zamewa yake yi. Shi ya sa pusat ta zame mana dole. Ki zo taron suna a nan ki sha kallo, yawanci sai asabar ko lahadi ake yi a zauren haya don kowa na aiki, ƙofar zauren pusat ne jere kamar kabu-kabu a bakin tasha, ki shiga ciki kuma ki tarar kowace da ɗanta a baya tana zuba tuwo. Mutanen Damagaram, na Maradi, na Tawa, da ƴan Najeriya da ƴan zangon Gana duk haka muke. Pusat ɗin ma ba kowa ke sayen sabuwa ba, hannu da hannu take yawo, wadda na yi rainon Ummi da ita gida na huɗu take yanzu.

Wadda ake saya wa jariri a nan kashi uku take zuwa a kan ƙafa ɗaya. Akwai nasel, kamar ɗan kwale-kwale, shimfiɗe take sumul yaro ya kwanta rigingine. Akwai kozi, kujerar mota ce mai kamar ƙoƙo. Sai hamak, ita ce kujerar zama da kike gani a hotuna, irin wadda nake zaton ita aka sayo muku. Daga haihuwa har wajen wata shida nasel ake sa yaro, ko hamak ɗin da bayanta ke kwantawa gaba ɗaya. Kozi ta mota ce, doka ce a nan yaro ba ya shiga mota sai a kujerarsa har ya shekara 10, amma ita ma likitoci cewa suke kar jariri ya wuce awa biyu a ciki ba a fito da shi ya miƙe ba.

Dalilin kuwa wuya ne da numfashi. Ki dubi Abba da kyau, kansa ya fi ƙarfin wuyansa, jariri kai kaɗai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa. In kika zaunar da shi a tsaye, musamman in barci ya ɗauke shi, kan sai ya rinjayo gaba haɓa ta kwanta a ƙirji, maƙogwaronsa kuma ɗan siriri ne mai laushi. Ni a kaina na gani. Ɗana na fari, lokacin ina sabuwar zuwa ba mai gaya mini, na samu wata ƴar pusat mai naɗewa kamar lema, mara nauyi, na ji daɗinta don bene na huɗu muke kuma asansar ɗin, na'urar hawa benen, yau lafiya gobe babu. Yana wata uku na ɗaure shi ciki a zaune muka shiga bis, ni ina ta kallon taga, sai wata tsohuwa Baturiya ta taɓa ni tana nuna shi, na duba na ga ya langaɓe gefe guda haɓa a ƙirji yana wani irin minshari da ban taɓa ji ba. Haushinta na fara ji ma, na ce a raina ina ruwanki da ɗana. Da na je awo a PMI, wurin da ake duba uwa da yara ƴan ƙasa da shekara shida kyauta, na ba malamar labari, ba ta yi mini faɗa ba, tsinken shan lemo ta ɗauko ta lanƙwasa ta ce in hura. Na hura iska ta ƙi fita sai da ƙyar. Ta ce to haka hanyar numfashinsa take in kai ya faɗo. A ranar, da goyo na koma gida, pusat ɗin na turo ta ba kowa ciki.

Sai kuma ƙashin baya. Jariri da bayansa a lanƙwashe kamar baka ake haifarsa, lanƙwasar wuya tana samuwa ne in ya fara ɗaga kai wajen wata uku zuwa huɗu, ta ƙugu kuma sai ya fara zama da tsayuwa. Kafin nan in ya zauna ba tsoka ke riƙe da shi ba, tattarewa kawai yake a kan cikinsa kamar buhun da ba a cika ba, ga girgizar hanya a kai.

Wata shidan nan da kowa ke faɗa kar ki riƙe shi kamar ranar sallah. OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta taɓa bin yara a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, aka fitar da sakamakon a 2006, aka ga yara masu lafiya suna fara zama ba tallafi tun daga wata huɗu saura kaɗan har zuwa wata tara da ƴan kwanaki. Kin ga tazarar da yawa. Ummi sai da ta kusa wata bakwai, yayanta kuwa biyar da rabi ya zauna daram. Yaron za ki duba. Ki kwantar da shi rigingine ki kama hannuwansa ki ɗago shi a hankali, in kan yana biyo jiki to wuya ya fara ƙwari, in yana reto a baya da saura. Ki kifa shi a tabarma idonsa biyu kina wurin, ki ga ko yana dafa hannu ya ɗaga ƙirji, ko ya fara juyawa da kansa. In kika zaunar da shi a cinya kika riƙe ƙugu kaɗai ya tsaya yana waige-waige kan bai faɗi ba, to an zo wurin. Wanda aka haifa bakwaini kuma daga ranar da ya kamata a haife shi ake lissafi, ki gaya wa maƙwabciyarki mai tagwayen nan. Tunda allurar sati 14 ta kusa, in kin kai shi ki ce wa malamar awo ta duba miki wuyan, ba wani abu ba ne minti biyu ne.

Ko ya kai ɗin ma mu ba ma miƙar da kujerar lokaci guda. Kishingiɗe muke farawa, ɗan zagaye kaɗan a dawo, in ya yi barci a kwantar da bayan. Bel kuma kowane lokaci, mai igiya biyar, biyu a kafaɗa biyu a ƙugu ɗaya tsakanin ƙafafu, ta tsakiyar nan ita ke hana shi sulalewa ta ƙasa kuma ita ce mutane suka fi raina wa. Nasel ita ma tana da iyaka, yawanci kilo 9 ake rubutawa, kuma da zarar yaro ya fara yunƙurin tashi zaune ko dafawa da gwiwa an gama da ita ko bai kai kilon ba, don zai iya kifowa.

Yanzu je ki duba bayan taku pusat ɗin, akwai igiya ko ɗan ƙarfe da ake ja. In bayan ya kwanta sumul kamar tabarma za ki iya sa shi ciki tun yau, a kwance, da bel. In rabi kawai take kishingiɗa ki ajiye ta sai nan da wata biyu ko uku, ba lalacewa za ta yi ba. Kar ki cike gurbin da matashin kai, yaro yana juya fuska ya nutse ciki. Tunda ta gwanjo ce ki gwada birki, ki ja igiyoyin ki ga ko rana ba ta cinye su ba, ki girgiza ta ki tabbata ba za ta naɗe da kanta ba. Jaka mai nauyi kuma kar a rataya a hannun turawa, baya take kifewa.

Na san abin da Inna za ta ce, don ta faɗa mini a nan ɗakin lokacin da ta zo wankan jegon Ummi ta wuce har wata huɗu, ta ce mu duk a roba ta zaunar da mu ta kewaye da zannuwa, mace wata huɗu namiji biyar, wa ya karye a cikinku. Gaskiyarta, ba wanda ya karye. A gidan rainon nan kuwa akasin haka suke, da yawansu bin koyarwar wata likitar yara ƴar ƙasar Hangari suke mai suna Emmi Pikler, ba sa zaunar da yaro sam sai ya zauna da kansa, a ƙasa suke barin shi ya yi ta birgima. Inna da ta ji haka cewa ta yi lalaci ne kawai aka sa wa suna. Ni dai a ganina robar Inna ba ita ce matsala ba in wuya ya riga ya tsaya, minti kaɗan ne, a ƙasa take ba ta motsi, ga ido goma a kansa a tsakar gida, yana langaɓewa an ɗauke. Pusat kuwa kina bayanta fuskarsa na gaba, ba kya ganin sa, tafiya ta yi nisa ya yi barci a zaune ba ki sani ba. Shi ya sa ma muka fi son mai fuskantar uwa a watannin farko.

Goyo ma ai a tsaye yake za ki ce. E, amma ƙirjinsa kwance yake a bayanki, kumatunsa a gefe, zane ya tallafe ƙeya, numfashinsa kina jin sa a fatarki. Turawan nan har kuɗi suke biya a koya musu goyo da wani dogon ƙyalle, na taɓa gyara wa wata nata a tashar taram ta yi ta godiya kamar na ba ta kyauta. Abin lura kawai zanen ya hau har ƙeya kar kan ya riƙa reto, kuma kar hijabi ya rufe shi ruf cikin zafi.

Zancen zafin nan shi ya fi damuna da pusat a Damagaram. Mata suna yafa zane a kai wai inuwa, alhali rufe iska suke, cikin ya zama kamar tanda, ko a nan duk bazara sai an yi ta gargaɗi a kai balle Afrilu da Mayu na gida da zafi ke haura 40. In sauro ko ƙuda kike gudu ɗan sange mai huji ya isa. Sannan ki gaya mini tsakani da Allah ina za ki tura ta? Daga ƙofar gidanku zuwa gudron yashi ne zalla, ƙananan tayun nan nutsewa za su yi, lungunan Birni kuma ga duwatsu ga kwata. Inda za ta yi miki rana shi ne tsakar gida kan siminti, ki kwantar da shi a inuwa nesa da murhu ki yi wanki kina kallon sa, in ya girma kuma ki kai shi gidan su baban nasa da marece ana yi muku kallo, na san dai abin da kike so kenan.

Ki kifa shi gobe da safe kafin ya sha nono ki ɗauko mini bidiyo in ga yadda yake ɗaga kai, ki haɗa da hoton bayan pusat ɗin wajen ƙarfen nan. Ki gaida Inna, ki ce mata kuka da daddawar da ta aiko sun kusa ƙarewa, akwai mai tahowa ƙarshen wata.