Ba kowace inda-inda ake yankewa ba

Ɗana na saurari hirar tsohon manomin nan da ka tace, naga kuma tambayarka, wai tunda kwamfuta tana nuna maka duk inda mutum ya tsaya me zai hana ka share duk wani "eh" da "am" da "wato" magana ta fita fes. To ai ka share ɗin, kuma kaji yadda ta fito, dattijo ya koma kamar mai karanta sanarwar cigiya, ko numfashi baya yi.

Lokacin da na fara aikin nan da reza muke yanka tef, kana murza faifan da hannu a hankali har kunnenka ya kama bakin kalma, ka sa alama da fensir, ka yanke ka liƙe da salatef. Tef mai gudun inci 7.5 a daƙiƙa, wato kusan santimita 19, kaga "eh" ɗin rabin daƙiƙa ya kai tsawon yatsa, kuma in ka yanke ba daidai ba sai ka durƙusa kana nemansa a ƙasa. Wannan wahalar ce ta sa sai mun saurara sau uku kafin mu taɓa reza. Ku yanzu manhajar tace sauti ce, Adobe Audition ko Audacity, dannawa ɗaya ya tafi, shi yasa hannunku yake riga kunnenku.

Wanda yake tuntuɓen harshe ne kawai, mutum ya ce "na na naje", ko abin nan abin nan yana laluben suna, cire shi ba komai, shi ma zai so haka. Amma akwai wajen da ka tambayi dattijon shekarar da fari ya kashe masa shanu, yayi shiru kusan daƙiƙa 3 kafin ya ce "to..." wallahi shirun nan yafi duk abinda ya faɗa bayansa nauyi, kai kuma ka ɗauke shi. Haka in ɗan siyasa ne aka tambaye shi ina kuɗin aiki ya fara kame-kame, in ka gyara masa ya fito tas ka yiwa mai sauraro ƙarya, don inda-indar tana cikin amsar.

Sannan Hausa tana da wani hali, murya tana farawa sama ne tana gangarowa har ƙarshen jimla, in ka yanke tsakiya ka haɗa kai da wutsiya sai aji murya ta faɗo kwatsam, ko wanda bai san aikin ba zai ji an taɓa wurin. Kuma kar ka bar gurbin da ka yanke wayam, kullum in ka gama hira ka ɗauki sautin wurin na daƙiƙa 30 ba mai magana, dashi zaka cike.

Inda ka tari numfashin dattijon yana tsakar magana kuwa muryoyin sun hau juna, bata yankuwa, gaba ka riƙa gyaɗa kai kawai maimakon "yauwa yauwa". Mai in'ina ka rage masa maimaicin da zai gajiyar da kunne amma ka bar shi da muryarsa, mutanen garinsu sun san yadda yake magana.

Ka koma kan asalin fayil ɗin, ina fata baka goge ba, ka maido shirun nan na maganar shanu da numfashinsa, gobe bayan azahar ka kawo mu saurara tare a lasifika.