Kafin foti da fenti: inda ake fara tada MG TA

Ka ce, "Oga, tunda injin yana juyawa kuma bodin bai ruɓe sosai ba, me zai hana mu kankare tsatsar, mu ɗaga ƙofar da ta sauka, mu shafa foti mu feshe ta? Me ya sa sai an sauke komai?" To zauna, yaro, ka ji. Ƙofar nan da ta sauka ita ce amsar tambayarka.

Wannan motar MG TA ce. A garin Abingdon na Ingila aka ƙera ta, tsakanin 1936 da 1939, kuma duka-duka ba su fi dubu uku da ƴan kai ba. A 1935 kamfanin MG ya koma ƙarƙashin Morris Motors, aka rufe sashen tsere, aka ce a riƙa amfani da sassan motocin kamfanonin Morris. Shi ya sa injinta mai 1292cc ɗan'uwan na motar Wolseley Ten ne, aka ɗora masa kafireta biyu ta SU, yana ba da ƙarfin doki kusan 50. Bayanta TB ta fito a 1939, guda 379 kacal aka yi Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin.

Motar yau ƙarfe ɗaya ce daga rufi har ƙasa. Wannan kuwa hawa uku ce: shasi na ƙarfe a ƙasa, a kansa ƙashin bodi na katakon da ake kira ash, sannan farantin ƙarfe siriri da aka lanƙwasa bakinsa a kan katakon aka kafe da ƙananan ƙusoshi. Farantin riga ce kawai. Ƙofar tana rataye ne a jikin katako, maƙalarta a baya take, ta gaba take buɗewa. In ta sauka, ko dai ginshiƙin da sukurorin suka shiga ya ruɓe, ko katakon ƙasa ya mutu, ko shasin ya murɗe. Ka ɗaga ta yau ka fesa fenti, bayan wata biyu a kan hanya ta koma inda take, fentin kuma ya tsage daidai kusurwa.

Don haka daga ƙasa ake farawa. Kafin a ɗaga bodi, ka ɗaure kowane bakin ƙofa da katako biyu a giciye, in ba haka ba zai naɗe a hannunku, kun rasa ma'auni. Ɗauki hoton kowane gefe, ka ƙirga ƴan farantan ciko da ke ƙarƙashin kowane noti na bodi, ka rubuta. Sai a ɗora shasi tsirara a kan jaki huɗu a daɓe mai daidai. Saki zare mai dalma daga mazaunan sifirin, ka yi alama da alli a ƙasa, ka auna daga gaba ta dama zuwa baya ta hagu, sannan ɗaya giciyen. In bambancin ya wuce ƴan milimita, sai an miƙe shi tukuna. Duba kusa da akwatin sitiyari ko akwai tsaga. Duk ƙusar ribiti da ka ga jan gari ya kewaye ta, motsi take yi, a canja ta. Ƙarshen sifirin ɗin ma a cikin gidan tagulla yake zamewa; in an bar shi ba mai ya ci, motar za ta riƙa yawo a titi kana zargin sitiyari.

Yanzu katako, inda aikin yake. Ɗauki basilla ka soka a katakon ƙasa, da gindin ginshiƙan ƙofa, da baka ta saman tayar baya inda ruwa ke fantsama. In ta shige ba gardama, ya mutu, ko da fuskarsa na da kyau. Kada ka wargaza duka lokaci guda. Cire guda, ka yanka sabo a kan siffarsa, ka mayar, sannan na gaba. Ash aka zaɓa domin yana da ƙarfi kuma yana lanƙwasa ba ya karyewa, shasin motar nan kuwa yana murɗawa kaɗan a kan hanya, haka aka yi shi. Amma ash ba ya jure ruwa. Sai busasshe sosai, danshinsa kusan kashi 12 cikin ɗari. Ɗanye zai tsuke bayan ka gama, sukurori su saki. A kan shasin za ka haɗa ƙashin, ba a kan tebur ba. Rataya ƙofofi da wuri, ka gyara ciko har ratar ta yi daidai ko'ina. Sannan a shafa wa katako maganin ruɓa, a yi wa cikin faranti fenti, kafin a kafe. Kuma ka riƙe wannan: ba a walda a faranti yana jikin katako. Ko bai kama a gabanka ba, zai iya cin wuta a ɓoye har dare.

Injin da ka ce yana juyawa, juyawa ba lafiya ba ce. Bulo da tof silinda na wannan injin sun yi suna wajen tsagewa, saboda haka a toshe hanyoyin ruwa a gwada su da matsi kafin a kashe ko sisi. Metal ɗinsa, wato abin da kiranshaf ke juyawa a cikinsa, ba irin wanda kake saye a kwali ka danna ba ne. Narkakken farin ƙarfe ake zubawa, sannan a huda shi daidai kaurin kiranshaf. Ke nan a fara gyara kiranshaf, a auna, sannan a kai zubi. Ratar mai kusan ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin dubu na inci. In an matse ya narke, in an sake injin ya buga. Faɗin silinda milimita 63.5 ne, tafiyar fistan 102, doguwa ce ƙwarai. Injin jan nauyi ne, ba ya son a yi ta zuga shi.

In ka buɗe kuloci ka ga baƙin mai, kada ka ce yoyo ne ka toshe. Fuskar farantinsa toton kwalaba ce, a cikin mai aka yi ta ta yi aiki. Ta bushe, ta ƙone.

Sai noti, inda sababbin hannu ke yin ɓarna. Na shasi da bodi zaren BSF ne na Ingila. Na injin kuwa zarensu na milimita ne irin na Faransa, amma kansu na sufanar Whitworth ta Ingila, gadon masana'antar Faransawa ta Hotchkiss da ke Coventry da Morris ya saya a 1923. Notin da ya ƙi shiga da yatsa, kada ka tilasta shi da sufana, za ka cinye zaren bulo. Kowane rukuni da gwangwaninsa, da rubutu a jiki.

Wilin waya mai inci 19 noti ɗaya ne ke riƙe shi a tsakiya, kuma na dama zarensa na hagu ne. Kowane ɓangare, wajen da taya ke juyawa in mota na gaba nan ake bugawa don a kwance shi, da gudumar tagulla ko ta dalma. Duba haƙoran cibiyar: in sun yi tsini kamar zarto sun ƙare, za ka ji ƙas idan an taka birki.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an haɗa fuka-fukan taya da murfin injin an ga sun zauna. Yanzu ɗauko katako huɗu da matsi, mu fara ɗaure ƙofofin. Ka zube tankin mai da ke baya tukuna, ka cire batiran nan biyu na bayan kujera.