Kifin shak da giwan ruwa ba cikinsu ɗaya ba

Kai yaro, saƙonka na gani tun da hantsi. Wai ka kalli bidiyon kifin shak na can ƙasan teku yana yagar mushe, shine kake tambaya "Baba ko mu ma mu sa mushe a mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, a zurfin tafkin Lagdo, ko za mu samu manyan giwan ruwa?" Wlh da ba ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi ba da ban amsa ba.

Shak ɗin da ka gani inda yake zaune ya wuce mita 1000, ko ɗigon hasken rana baya kaiwa, ga sanyi, abinci kuma sai wanda ya faɗo daga sama. Dole ya ci mushe. In katuwar dabbar nan wel ta mutu ta nutse, da hanci suke bin warinta su taru a kai, in sun samu kifi mai rai ma basa bari, kuma suna iya daɗewa ba su ci ba don jikinsu a hankali yake aiki. Giwan ruwa kuma mafarauci ne, da ido yake kamu, yana laɓe gefen dutse ko kututture sai ƙaramin kifi ya gifta ya zuƙe shi. Abin da baya motsi ba kasafai yake kulawa ba.

Ni kuɗina na biya kafin na yarda da wannan. Lokacin barajin, wato dam ɗin Lagdo da ke kan kogin Binuwai a Kamaru, bai daɗe da cika ba, Sinawa sun gama shi 1982, kifi kamar a ɗiba da hannu. Wani ɗan kasuwa ya sauko daga Ngaundare da kamiyo, motar kaya kenan, ga babbar riga, carbi a hannu, yace kapiten, wato giwan ruwa, yake so manya na otel ɗin Yawunde. Ya bani kafin alƙalami sefa dubu 50. Sannan yace shi ya zauna Kiribi bakin teku, ya san sirri, duk babban kifin zurfi mushe yake ci, har da kawo min buhu biyu na kayan cikin shanu daga mahautar Garwa suna ɗoyi, wai kyauta. Ni da na gaji sana'ar su wurin ubana, na ajiye sanina na ɗauki na mai babbar riga, ka ji wauta.

Kwana uku muna zuba mamari a tsohuwar hanyar Binuwai inda ruwa yafi zurfi, ni da yara biyu, mai na ƙonewa a inji. Me muka ciro? Tarwaɗa. Tarwaɗa da kurungu har jirgi na neman nutsewa, giwan ruwa ko ɗaya. Sai mutumin ya ɓata rai, wai na karya alkawari, ko in mayar masa da kuɗinsa ko ya kwashe tarwaɗar a madadi. Kuɗi sun tafi a mai da ƙugiya, ƙanƙara babu, rana ta take, kifi ya fara kumbura. Ya kwashe. Bayan sati wani mai banda ke gaya min ai dama tarwaɗar yake so, tun kafin ya zo wurina ya sayi itace ya kama matan da za su yi masa banda. Kifin da ya ninka dubu 50 ɗin nan sau uku ko fi, na kama masa da hannuna har ina bashi haƙuri!

Ku yaran yanzu waya ce malaminku, jirgi na yoyo kuna kallon tekun Turawa. Yadda ake ɗaura ƙoto ba zan tsaya faɗa ba, wanda bai iya wannan ba ya koma noman auduga. Ƙaramar karfasa mai rai, ka soke ta yadda za ta yi ta iyo, shikenan. Gobe da asuba ka zo da birgi, ragar nan ta jefawa, ka kamo min karfasar, kuma ka bar wayar nan a gida.